Rijiya kafin ganuwa: yadda ake gina matsuguni da ɗora mod a Fallout 4

Masu buga Fallout 4 a nan Bauchi ba su da yawa, domin yawancin gidajen gem ƙwallon ƙafa suka sa a gaba, amma a tsakanin mu 'yan kaɗan ɗin akwai gardama biyu da ba su taɓa mutuwa ba. Ta farko ita ce ko gina matsuguni wani sashe ne na wasan da ya cancanci mutum ya ba shi lokacinsa, ko kuwa kaya ne kawai da kamfanin Bethesda ya ɗora wa wanda ya zo yawo da harbi. Ta biyu ita ce ta mod, wato gyare-gyare da ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke ƙirƙira da kansu su raba wa jama'a: wasu na ganin wasan ba ya buguwa sai da su, wasu kuma na ganin su ne ke kashe shi. Ni ina gini, ina kuma ɗora mod, sai dai na koyi cewa dukkansu biyun suna da jerin da ake bi, kuma wanda ya tsallake jerin nan zai yi asarar data da daren da ya hana idonsa barci.

Wasan ya fito ne ranar 10 ga Nuwamba 2015. Labarinsa yana faruwa a shekarar 2287 a birnin Boston na Amurka da kewayensa, shekara 210 bayan yaƙin nukiliya na 2077 ya rusa duniya, kuma ɗan wasan yana fitowa ne daga wata maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa mai lamba 111. Wuri na farko da zai iya mallaka shi ne tsohuwar unguwarsu, Sanctuary Hills, kuma a wasan asali akwai wurare wajen talatin irin wannan da ake iya mayarwa matsugunai. Masu sukar gini yawanci mutanen da suka fara da Fallout: New Vegas ne, wanda kamfanin Obsidian ya fitar a 2010, kuma hujjarsu ita ce ƙarfin da aka zuba a katako da siminti an rage shi ne daga zurfin labari da yawan zaɓin magana. Ban ce ba su da gaskiya ba. Haka kuma kowa ya san yadda Preston Garvey, wani jigo a ƙungiyar Minutemen ta 'yan sa-kai masu kare matsugunai, ke hana mutum sakat da aike zuwa wani matsugunin da ke neman taimako, har abin ya zama abin barkwanci a tsakanin 'yan wasa. Amma wanda ke ganin gini ba shi da amfani ya gwada yanayin Survival da aka ƙara a 2016, inda ba a tsallake tafiya ta taswira, ba a kuma ajiye wasa sai an kwanta a kan gado, ga yunwa ga ƙishirwa ga cuta. A nan zai gane cewa ɗaki guda mai gado da famfo a tsakiyar hanya ya fi masa bindiga mai tsada.

Lissafin da ke ƙarƙashin gini

Ƙanena ne ya nuna mini kuskuren da kusan kowane sabon magini ke yi. Ya kwana uku yana kewaye Sanctuary da katanga, ya bar ƙofa ɗaya a bakin gada, ya yi mata hasumiya biyu, sannan ya kira ni cikin alfahari ya ce, "Yaya, zo ka ga ganuwar Bauchi, saura in raɗa wa wannan suna Ƙofar Wunti." Da na buɗe masa allon teburin aiki, wato teburin da ake gini da ajiye kaya ta hanyarsa a kowane matsuguni, sai ga alƙaluma uku sun yi ja: mutum tara, gado biyar, ruwa shida, ga kibiyar jin daɗin mazauna tana kallon ƙasa. Duk ƙarfe da katakon da ya tara sun tafi a katanga, mutanen da ke cikinta kuma suna tsaye a rana suna ƙorafi.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma wasan da kansa yana koyar da shi ta bakin Sturges, ɗaya daga cikin mutum biyar da ake cetowa daga garin Concord a farkon wasan. Kowane mazauni yana buƙatar gado ɗaya, abinci ma'auni ɗaya, ruwa ma'auni ɗaya. Tsaro kuma ya kamata ya kai jimillar abinci da ruwan da matsugunin ke samarwa, ko ya wuce ta, domin arzikin da ba shi da mai gadi shi ne ke jawo mahara. Saboda haka idan kana noma abinci 12 kana ɗiban ruwa 15, kada alƙalamin tsaronka ya gaza 27. Yawan mutanen da za su iya taruwa a wuri ɗaya kuma ya danganta da kwarjininka, wato sifar da wasan ke kira Charisma: goma ne a tara da adadin kwarjinin, don haka mai kwarjini 6 zai iya tara mutum 16.

Ka fara da ruwa. Famfon hannu, irin tuƙa-tuƙar da muka sani a unguwanninmu, yana ba da ruwa 3, ba ya cin wuta, amma sai an kafa shi a kan ƙasa, ba a kan daɓen siminti ko katako ba. Biyu ko uku sun isa farkon zama. Inda akwai kogi ko tafki, kamar kogin da ya zagaye Sanctuary, injin tace ruwa yana ba da 10 yana cin wuta 2, babbansa kuma yana ba da 40 yana cin wuta 5, sai dai shi yana buƙatar matakin farko na baiwar Science, ɗaya daga cikin ƙwarewar da ɗan wasa ke zaɓa yayin da matsayinsa ke ƙaruwa. Amfanin babban injin ya wuce shayar da mazauna, domin rarar ruwan tana taruwa a teburin aiki a matsayin tsabtataccen ruwa, wanda ake sha don maido da lafiya, ake kuma sayarwa a kasuwar Diamond City a karɓi murafun kwalba, kuɗin wannan duniyar. Mutane da yawa da wannan sana'ar ta ga-ruwa suka yi arziki a wasan. Sai dai ka tuna cewa duk ruwa 40 da ka ƙara, ka ƙara wa kanka bashin tsaro 40.

Noma kuma yana da nasa awon. Mazauni ɗaya yana iya kula da abinci ma'auni 6 ne kawai. Bishiyar mutfruit tana ba da ma'auni ɗaya cif, yayin da masara, kankana, karas, kabewa da tato, wanda wani irin tumatir ne da ya gauraya da dankali, kowanne ke ba da rabi. Ma'anar wannan ita ce manomi ɗaya zai riƙe mutfruit shida ko masara goma sha biyu, kuma shukar da ba a ɗora wa kowa ba ba ta shiga lissafi ko da ta cika gona. Hanyar ɗora aiki ita ce ka shiga yanayin gini, ka zaɓi mutumin, sannan ka je ka zaɓi shukar. Shi zai kwashi sauran da ke kusa har ya cika shidansa. Ana samun irin tato a gonar Abernathy da ke kusa da Sanctuary, mutfruit kuma a Graygarden, gonar da mutum-mutumi ke nomawa.

Shawarata ita ce kada ka shuka abin da ka ga dama. Ka shuka masara da mutfruit da tato tare. Dalili shi ne gam. Babu abin da ke yanke wa mai gyaran bindiga da sulke hanzari kamar ƙarancin gam, kuma a wurin girki ana haɗa masara 3, mutfruit 3, tato 3 da tsabtataccen ruwa 1 a sami sitaci guda, wanda ke ba da gam 5. Wanda ya kafa wannan gona tun da wuri ya huta da leƙa kowane kango yana neman salatif.

Gado shi ne mafi arha kuma shi aka fi mantawa. A sa shi a ƙarƙashin rufi, a bar hanyar da mutum zai iya kaiwa gare shi, domin mazaunan wasan nan ba su iya tsallake tudun da bai kai gwiwa ba, kuma ɗan ratar da ke tsakanin matakala da daɓe yana iya hana su hawa bene gaba ɗaya. Idan an cika abinci da ruwa da gado da tsaro, jin daɗin mazauna yana tsayawa ne a wajen 80. Abin da ke ɗaga shi sama da haka shi ne shaguna, musamman rumfar abinci da ɗakin shan magani.

Sai da ka gama waɗannan za ka kunna eriyar kira, wadda ke cin wuta 1 tana jawo baƙi. Ƙaramin janareto yana ba da wuta 3, matsakaici 5, babba 10, kuma a haɗa su da waya kamar yadda aka saba. Eriyar tana da makunni, don haka idan mutane sun fara fin gadaje yawa a kashe ta har a shirya.

Batun ganuwa da jari-bola

Abin da ƙanena bai sani ba shi ne mahara a wasan nan ba sa tahowa daga nesa su tsaya a bakin ƙofa. Kowane matsuguni yana da wasu wurare ƙayyadaddu da suke ɓullowa daga gare su, kuma idan ka iso ta taswira bayan an fara kai hari, sau da yawa za ka tarar da su a tsakiyar gari, bayan katangar da ka sha wahalar ginawa. Katanga ba ta ƙara ko ɗigo a alƙalamin tsaro. Abin da ke ƙarawa shi ne bindiga mai sarrafa kanta, wadda ƙaramarta ke ba da 5 ba tare da wuta ba, babbarta kuma 8 ga wanda ya ɗauki matakin farko na baiwar Gun Nut, sai rumfar gadi da ke ba da 2 idan an ɗora mata mutum. Ka lura da inda aka fi shigo maka a hari biyu ko uku na farko, ka kafa bindigogin a kan rufi ko dandamali suna fuskantar wurin, ka kuma ware wasu kusa da gona da janareto da injin ruwa, domin su mahara ke fara lalatawa. Ka ba mazaunanka makamai masu kyau ta hanyar musayar kaya da su, ka umarce su su riƙe; harsashi ɗaya na irin bindigar ya ishe su, ba ya ƙarewa a hannunsu. Bayan duk wannan, in kana son ganuwa don ƙawa, ka gina ta, ni ma ina da ita a The Castle, tsohuwar ganuwar Minutemen da ke bakin teku, kuma babu abin da ya kai ta kyau da yamma.

Kayan gini kuwa daga bola suke fitowa. Mai son gini a Fallout 4 dole ya zama ɗan jari-bola, ya daina raina tarkace. Katako da ƙarfe ba sa wuya, rusassun gidaje da motocin Sanctuary kaɗai za su ba ka mai yawa. Waɗanda ke wuya su ne noti, jan ƙarfe, alminiyam, man inji, giya-giyan inji da gam. Fankar tebur tana ba da noti da giya, gwangwanin alminiyam da tire suna ba da alminiyam, fitila da tarho da kwan lantarki suna ba da jan ƙarfe. Idan wani abu ya yanke maka a lokacin gini, akwai zaɓin yi masa alama, daga nan duk tarkacen da ke ɗauke da shi zai riƙa fitowa da hoton madubin dubawa a gefen sunansa. Ba sai ka farfasa tarkacen da hannu ba. Ka zuba shi a teburin aiki kawai, wasan zai ciri abin da yake buƙata.

Baiwar da na fi ba kowane magini shawarar ya nema ita ce Local Leader, wadda ke buƙatar kwarjini 6. Matakinta na farko yana ba ka damar naɗa wani mazauni falke, ya riƙa kai-komo tsakanin matsugunai biyu da saniyarsa mai kai biyu, kuma da zarar an haɗa su, tarkacen da ke teburin ɗaya yana ginuwa a ɗayan, rarar abinci da ruwa ma tana ciyar da wanda ya gaza. Makamai da sulke ba sa bin wannan hanya. Kada ka tura dukkan fatakenka su haɗu a gari ɗaya, domin shanunsu za su toshe maka ƙofofi, har ka tarar da wata a kan rufin ɗaki; ka jera su kamar sarƙa, wannan gari ya haɗu da na kusa da shi, na kusan ya haɗu da na gaba. Mataki na biyu, wanda ke buɗewa a matsayi na 14, shi ne ke ba da damar kafa shaguna da teburan sana'a.

Akwai kuma ma'aunin girma a kusurwar allo, wanda idan ya cika ba a ƙara gina komai. 'Yan wasa sun daɗe da gano dabarar rage shi: a zubar da bindigogi a ƙasa, a shiga yanayin gini, a mayar da su cikin teburin aiki, sai ma'aunin ya ja baya. Dabarar tana aiki, amma ma'aunin ba don mugunta aka sa shi ba, an sa shi ne don kada na'ura ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Wannan ya fi tsanani a Sanctuary da Red Rocket da gonar Abernathy, waɗanda kusancinsu ya sa wasan ke loda su kusan a lokaci ɗaya, har 'yan wasa suka yi wa wurin laƙabi da kusurwa uku ta mutuwa. Ka zaɓi ɗaya daga cikinsu ka ƙawata, sauran biyun ka bar su da famfo da gona. Mai son fili mai faɗi ya tafi Starlight Drive-In ko tsibirin Spectacle.

Kafin ka taɓa mod

Ra'ayina a gardama ta biyu shi ne kada mutum ya ɗora mod ko ɗaya sai ya buga wasan asali na aƙalla awa ashirin ko talatin. Wanda bai san yadda famfo da gado ke aiki a asali ba, ba zai gane ko matsalar da ya gani daga wasan take ko daga abin da ya ɗora ba. Haka kuma mod yana rufe samun lambobin yabo na wasan, don haka mai neman su ya gama nemansu tukuna.

Sannan a duba na'ura. Bethesda ta buɗe manhajar ƙirƙira ta Creation Kit a Afrilun 2016, mod ya iso Xbox One a ƙarshen Mayun shekarar, PlayStation 4 kuma sai a Nuwamba, bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Sony. Sharaɗin da aka gindaya a PlayStation shi ne mod ba zai shigo da sabon hoto ko sauti ko sabon umarnin manhaja daga waje ba, sai dai ya juya abin da ke cikin wasan, kuma wurin da aka ware masa a lokacin megabait 900 ne, yayin da Xbox One ya sami gigabait 2. Tunda PlayStation 4 ce ta fi yawa a hannun matasanmu, gara mutum ya san haka tun farko, kada ya kalli bidiyon wani gagarumin birni a YouTube ya ɗauka zai iya yin irinsa. A kwamfuta babu wannan shinge, amma wasan yana neman aƙalla RAM gigabait 8 da katin hoto mai gigabait 2 da fili gigabait 30. Akwai wani kunshin hotuna masu tsananin kyau da kamfanin ya bayar kyauta a 2017, mai cin gigabait 58. Kada ka sauke shi, ribarsa ba ta kai datar da zai lashe ba.

Abu na uku shi ne lambar fitowar wasan, kuma a nan ne masu sayen kofin da aka zuba musu a faifai a kasuwa ke shan wahala, domin ba su san wace fitowa ke hannunsu ba, ba su kuma da tabbacin kunshin ƙarin kamfanin guda shida sun cika, wato Automatron, Wasteland Workshop, Far Harbor, Contraptions Workshop, Vault-Tec Workshop da Nuka-World, waɗanda duk suka fito a 2016. Manyan mod da yawa ba sa tashi sai da su. Wanda ya sayi na halal a Steam ko GOG, shagunan sayar da wasanni na intanet, ya san abin da ya riƙe. Muhimmancin lambar ya fito fili ranar 25 ga Afrilu 2024, lokacin da Bethesda ta saki babban sabuntawa jim kaɗan bayan fitowar shirin talabijin na Fallout a Amazon, sabuntawar da ta karya ɗimbin mod a dare ɗaya, har ta sa masu aikin Fallout: London, wani mod mai girman cikakken wasa, suka ɗage fitarwa zuwa 25 ga Yuli. Tun daga lokacin shafin kowane mod da ake kula da shi yana faɗin fitowar da yake aiki da ita, wasu kuma har yau suna komawa tsohuwar fitowa mai lamba 1.10.163. Ka karanta wannan bayani kafin ka taɓa maɓallin saukewa, kuma a Steam ka saita wasan kada ya sabunta kansa sai ka kunna shi ta can.

Jerin ɗorawa a kwamfuta

Ka buɗe asusu a Nexus Mods, inda mafi yawan mod suke. Na kyauta ya isa, ko da yake saurin saukewarsa a ƙayyade yake, abin da ya sa nake jiran datar dare. Kada ka riƙa zuba fayiloli da hannu a cikin jakar wasan. Ka ɗauki manhajar sarrafawa guda ɗaya, ko Vortex, wadda ta fi sauƙi ga sabon shiga, ko Mod Organizer 2, wadda ta fi neman haƙuri amma ba ta taɓa ainihin jakar wasan, ta yadda idan abu ya ɓaci cire alama ɗaya ya isa. Ni ta biyun nake amfani da ita, amma ban ga dalilin da zai sa a raina mai amfani da ta farkon ba, ko da yake wannan ma gardama ce da ake tafkawa. Sannan a jakar Fallout4 da ke cikin My Games a Documents, ka buɗe fayil mai suna Fallout4Custom.ini, ko ka ƙirƙire shi in babu, ka sa sashen Archive, a ƙarƙashinsa ka rubuta bInvalidateOlderFiles=1, a layi na gaba kuma sResourceDataDirsFinal= ba tare da komai a gabansa ba. Wannan ne ke ba wasan izinin karanta fayilolin da ba na kamfani ba.

Daga nan sai ginshiƙai. Na farko shi ne F4SE, wanda ke faɗaɗa abin da mod zai iya umartar wasan ya yi. Shi kam kai tsaye ake zuba shi a jakar wasan, dole lambarsa ta dace da ta wasan daidai, kuma daga ranar ta hanyarsa ake kunna wasan. Na biyu shi ne Unofficial Fallout 4 Patch, wanda ke gyara kurakurai masu yawa da kamfanin ya bari, ciki har da na matsugunai. Na uku shi ne Buffout 4, ko wanda ya dace da fitowarka a cikin irinsa, domin idan wasan ya mutu ya bar maka rubutaccen bayanin abin da ya kashe shi. Manhajar LOOT kuma ita ke jera mod bisa tsarin da ya kamata a loda su, kuma ƙa'idar ita ce idan biyu suka taɓa abu ɗaya, na ƙasa shi ke rinjaye.

Sai bayan wasan ya tashi lafiya da waɗannan za ka zo kan mod na gini, kuma ɗaya bayan ɗaya. Place Everywhere yana cire jan layin da ke hana ka ajiye abu inda kake so, har ka iya cusa bango cikin dutse ko ka daidaita gini a kan ƙasa mai gangara. A ganina shi ne mafi amfani, kuma bai da nauyi. Homemaker yana ƙara kayan gini da na ado masu yawa. Transfer Settlements yana ba ka damar adana zanen garin da ka gina ka sake kafa shi a sabon wasa. Sim Settlements kuwa, wanda wani mai ƙirƙira da aka sani da kinggath ya fitar a 2017, ya kuma biyo shi da na biyu a 2020, shi ne amsar da nake ba masu cewa gini ɓata lokaci ne: kai fuloti kawai za ka yanka, ka ce wannan na gida ne, wannan na gona, wannan na kasuwa, wannan na masana'anta, mazauna su gina abinsu da kansu, gine-ginen kuma su riƙa bunƙasa yayin da kake can kana yawonka. Na biyun yana buƙatar wani mod mai suna Workshop Framework, yana da nauyi a kan na'ura, kuma babu shi a PlayStation. Masu son jera kowane katako da hannunsu suna cewa ya ƙwace musu daɗin abin, kuma na fahimce su. A wasana na yanzu na bar wa fuloti matsugunai na nesa, na riƙe biyu ina gina su da kaina.

Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne Scrap Everything da ire-irensa, masu ba ka damar share ciyawa da tarin shara da kangon da wasan asali ya hana a taɓa. Kowa yana sha'awarsa, domin babu mai son gina ɗaki mai kyau da ƙwarangwal a tsakar gida. Matsalar ita ce wasan yana haɗe ɗaruruwan ƙananan abubuwa su zama dunƙule ɗaya don sauƙaƙa wa katin hoto, ya kuma riga ya lissafa abin da ido zai gani daga kowane wuri. Irin wannan mod yana warware dunƙulen, sai wasan ya fara tafiyar hawainiya, wani lokaci bango ko ƙasa su riƙa ɓacewa suna dawowa. A kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi, a zafin Bauchi na watan Afrilu, fankarta cike da ƙurar hunturun da ya wuce, wannan kaɗai ya isa ya sa ta kashe kanta.

Kuskuren da ya fi cin raina na yi shi ne da irin wannan mod. Na ɗora shi a wasan da na kai wata biyu ina bugawa, na share rabin Sanctuary, da na ga tafiyar ta lalace sai na cire shi na ci gaba da ajiyar wasan kamar ba a yi komai ba. Kwana biyu bayan haka duk lokacin da na tunkari gadar garin sai wasan ya rufe kansa. Na koma neman tsohuwar ajiya, sai na tarar guda ɗaya nake ta rubutawa a kai, ta biyun kuma ita ce wadda aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta ta, ba ta buɗuwa. Fayil ɗin ajiya yana riƙe da sawun duk mod da aka buga da shi, musamman masu ɗauke da umarnin manhaja, kuma cire mod a tsakiyar wasa ba ya goge wannan sawun.

Saboda haka tsarin da nake bi yanzu shi ne kafin in ɗora kowane sabon mod sai na yi sabuwar ajiya da hannu, ba ajiyar gaggawa ba, na kwafe jakar Saves da ke cikin My Games zuwa filashi. In kwamfutar tebur ce, ƙaramin UPS ya fi kowane mod muhimmanci a garin nan. Sannan ina gwada sabon abin ne a wata ajiya ta daban da ba na jin asararta: in shiga yanayin gini in tabbatar jerin kayan bai ɓace ba, in gina abu ɗaya in rushe shi, in kwana a gado, sannan in taka da ƙafa daga Diamond City zuwa Goodneighbor ta tsakiyar Boston, wurin da ya fi ko'ina nauyi a wasan. Idan ya kai ni Goodneighbor bai daskare ba bai mutu ba, sai in buɗe ainihin wasana da shi, kuma ba na ƙara wani sai na yi kwana biyu ina bugawa da wannan.